Yadda ake zaɓen robar da za ka ƙera kayan motar rimot mai hawa dutse

Duk wanda ya shiga harkar motar rimot ɗin nan mai hawa duwatsu, irin su Axial SCX10 ko Traxxas TRX-4 ko ƴar mitsitsiyar nan SCX24 da take zama a tafin hannu, dole wata rana wani abu ya karye, ka je duba odarsa daga waje ka ga kuɗin kawowa ya ninka kuɗin kayan, ga jiran sati uku ko wata guda, sai zuciya ta ce maka kai malam ba roba ba ce? ai sai in yanko da kaina. Toh za ka iya, amma fa roba suna ta tara. Ni farantin ciki na farko da na yi, wato farantin ƙarƙashin motar da giyabos yake zaune a kai, da Perspex ɗin masu allon talla na yi shi, ya fito garau kamar madubi har hoto na ɗauka, ina saukowa da motar daga wani ɗan tudu cikinta ya daki dutse sau ɗaya tak sai ji na yi ƙas, ya rabe gida uku giyabos na reto. Aikin kwana biyu ko minti goma bai yi ba.

Mataki na farko: kifa motar ka karanta tabon jikinta

Kafin ka sayi komai, juya motar ƙafafu sama ka zuba mata ido. Inda ka ga zane-zane dogaye duk sun bi hanya ɗaya, nan wajen gogayya yake sha, yana buƙatar roba mai santsi. Inda ka ga ya dare ko ya yi fari-fari a kusa da kusa, duka yake sha, yana son roba mai ɗan lanƙwasa ta dawo. Inda ramin kusa ya buɗe ya koma kamar ƙwai, ja da nauyi ne suka yi masa yawa. Inda ya lotsa babu alamar bugu, musamman kusa da moto, wato injin lantarkin da yake juya tayoyin, wannan aikin zafi ne. Kowane a cikin huɗun nan robarsa daban, kuma babu wata roba ɗaya da ta haɗa duka.

Sai ka riƙe wannan a ka: motar hawa dutse ba gudu take ba, rarrafe take, abin da yake kayar da ita nauyin sama ne, abin da yake tsayar da ita kuma cikinta ya maƙale a kan dutse. Saboda haka ƙasa santsi ake nema, sama kuma rashin nauyi. Shi ya sa za ka ga ƴan harkar suna ɗura wa aksil da wili tagulla amma suna cire ko giram biyar ne daga rufin bodi, kuma da yawa suna neman nauyin ya faɗo wajen kashi 60 gaba 40 baya.

Mataki na biyu: gane robar da ke hannunka

In ka yi oda ai da suna za ta zo. Matsalar ita ce robar da ka tsinto ko ka saya a kasuwa, mai shago zai ce maka "roba ce mai kyau" shikenan iya bayaninsa. Fara duba ɗan alamar nan mai kusurwa uku da lamba a ciki: 2 HDPE ce irin ta jarka, 3 PVC, 5 PP, 6 irin ta cokalin roba mai karyewa, 7 kuma tarkace ne komai ana zubawa a ciki.

In babu alama yanki ɗan guntu ka jefa a kofin ruwa. HDPE da ƴar uwarta mai santsi da ake kira UHMW da PP za su taso sama don sun fi ruwa rashin nauyi, ABS zai nutse a hankali kamar mai shawara, nailan ya bi shi, Delrin da PVC kuwa kai tsaye ƙasa. Daga nan ɗiga masa ruwan goge jan farce mai asitón: in ya yi danƙo ABS ne ko ƴan uwansa, in ya yi hazo to Lexan ne, wato robar nan mai haske da ake kira polycarbonate, ko makamancinsa, in ko a jikinsa to Delrin ne ko nailan ko dangin jarka. Ga mai haske kamar gilashi kuma, yanki siririn tsiri ka lanƙwasa da filaya, Lexan zai lanƙwashe ya tsaya, Perspex zai ɓalle. Da na san wannan tun farko da ban yi asarar kwana biyun can ba.

Akwai masu gwadawa da ashana suna sunsunar hayaƙi. Dan Allah kar ka yi. PVC in ya ƙone iska mai asid yake fitarwa, shi kuma Delrin wutarsa shuɗiya ce da kyar ake ganinta da rana, ga hayaƙin yana yaji a ido da maƙogwaro.

Mataki na uku: cikin mota, inda duk rigimar take

Farantin ciki shi ne wanda giyabos yake zaune a kai, sandunan da ke riƙe aksil ma a jikinsa suke ɗaure, kuma shi ne yake jan ciki a kan dutse. Wato aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya, ɗaukar kaya da sulɓi. A nan ni dai Delrin nake ba wa mutane shawara ba tare da wani kwana-kwana ba. Sunan kasuwa ne da kamfani ya sa masa, DuPont ne suka fito da shi kasuwa a 1960, in za ka nema a intanet ka rubuta POM ko acetal za ka fi samun mai sauƙi. Yana da tauri, yana da santsi, ba ya shan ruwa sosai balle ya kumbura, yana yankuwa tsaf kamar sabulu mai ƙarfi, kuma in ka yi masa zaren kusa yana riƙewa. Sai ya kai wajen digiri 175 yake narkewa, kaga zafin moto ba zai dame shi ba.

Mutane na ganin alminiyam ya fi tunda ƙarfe ne, ga shi da ƙyalli. Amma ka sa shi a kan dutse mai kaushi irin na Dutse ko na Jos ka gani, dutsen cizonsa yake, ya kafe ƙam taya na juyawa a banza. Delrin zamewa yake. Ga kuma lissafin nauyi: faranti mai milimita 60 a 80, kaurin 10, in Delrin ne wajen giram 68, in UHMW ne wajen 45, alminiyam kuwa kusan 130.

UHMW ya fi Delrin santsi kuma ya fi shi jure gurzuwa, amma laushi gare shi, in ka ɗaure shi da kusa a hankali yake matsewa ya saki, zaren kusa ba ya zama a jikinsa, kuma in kana yanka sai ya riƙa fitar da gashi-gashi a baki. Amfaninsa shi ne ka yanko siriri, milimita 2 ko 3, ka shimfiɗa a ƙarƙashin farantin da kake da shi kamar takalmi, ko ka yi kariyar gefe da shi.

Toh in duk babu fa? Sai ka shiga wajen masu kayan kicin ka sayi allon yanka albasa na roba, farin nan mai kauri. Yawanci HDPE ne ko PP, ka jefa guntu a ruwa ka ga ya taso. Da babu gara ba daɗi, kuma gaskiya a kariyar gefe da takalmin ciki yana aiki sosai, ni har yanzu shi ne a gefen tawa. Kawai kar ka ɗora masa giyabos kai tsaye a motar 1/10, wato mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, zai riƙa motsi giya suna cin junansu. Kuma duk kusar da za ta kalli ƙasa ka fafe mata gurbi kanta ya nutse, kan kusa ɗaya da ya leƙo ya isa ya ɓata maka duk santsin da ka sha wahala a kai.

Mataki na huɗu: sandunan aksil

Waɗannan da ake kira link. Na ƙasa su ma dutse suke gurza, don haka dabarar da ta fi ita ce ƙarfe a ciki roba a waje: ka samu doguwar kusa mai zare M4, wato mai kaurin milimita 4, ka samu sandar Delrin mai kaurin milimita 8, a huda tsakiyarta ka zura. Ƙarfen yana ɗaukar ja, robar tana zamewa. Huda doguwar sanda a miƙe da injin hannu wahala ce wallahi, bakin hudar zai karkace ya fito ta gefe, gara ka kai wa masu injin feƙe ƙarfe su huda maka ta kai biyu su haɗu a tsakiya. Na sama kuwa tunda ba sa taɓa dutse za ka iya yin su da Delrin zalla, ka huda kowane kai da bakin huda mai milimita 3.3 ka yi zaren M4.

Ka auna daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, wato ramin maƙalin da ke kowane kan sandar, hagu da dama su zo daidai. Bambancin milimita ɗaya ma za ka ga motar tana tafiya a karkace kamar kaguwa.

Mataki na biyar: masu shan duka

Bamba, maɗaurin bamba, keji, maƙalin shokozoba. Nan gidan nailan ne. Ba nailan na leda nake nufi ba fa, wanda ake rubutawa PA6 ko PA66, kuma mafi yawan baƙaƙen kayan da motar take zuwa da su daga kamfani shi ne, sau da yawa an gauraya shi da zaren gilashi don ya ƙara tauri.

Nailan yana da wani hali da ya shafe mu sosai: shan ruwa yake daga iska. A iska mai matsakaicin laima PA6 yana ɗaukar kashi 2 zuwa 3 na nauyinsa, in an jiƙa shi ya ƙoshi yana iya kai wa wajen kashi 9. Kuma wannan ruwan shi ne yake ba shi juriya, in ya bushe ƙarau sai ya yi tauri ya riƙa karyewa. Kaga kenan lokacin hunturu da iska take bushewa har leɓe na tsagewa, a lokacin ne kayan nailan suka fi saurin ɓallewa, bamban da ya sha duka duk damina lafiya lau sai ka ga a Janairu ƙaramin bugu ya raba shi biyu. Maganin da ƴan harkar suka daɗe suna yi shi ne tsoma shi a ruwan zafi, ni ina barinsa kamar rabin awa sannan in bar shi ya huce a cikin ruwan, in mai kauri ne in ɗaure shi a leda da jiƙaƙƙen tsumma kwana biyu uku. Uwargida ta taɓa tarar da bamba a tukunyarta, maganar ba ta yi daɗi ba, ka nemi tsohuwar gwangwani.

Amma saboda wannan kumburi da motsewar, kar ka yi gidan boris ko bushi da nailan, da damina ya matse da rani ya yi sako-sako. Wannan aikin Delrin ne.

Mataki na shida: bodi

Hanya biyu ce. In hawa kake so, Lexan mai kaurin milimita 1 ko ƙasa da haka kaɗan, ba nauyi, ya faɗo ya yi ta gangarawa ya tashi ba abin da ya same shi. Ana yi masa fenti ta ciki ne kuma da fentin da aka yi don shi, fentin gwangwani na gama-gari in bodin ya lanƙwasa ɓarewa yake kamar ɓawon gyaɗa. Wajen yanka ka ja layi da reza sau biyu uku ka lanƙwasa ya rabu da kansa.

In kuma kwalliya kake so, motar ta fito sak Land Cruiser ko Hilux da ƙofa da madubi, to falle-fallen ABS ko sitairin za ka nema. Daɗinsu shi ne suna haɗuwa da gam mai narkar da roba su zama abu ɗaya, suna shan samfefa, suna karɓar fenti. Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi a sama, gangaren gefen da mai Lexan zai wuce kai kana nan za ka kifa.

PVC na fayif ɗin ruwa ma yana shiga, don a wajen digiri 80 yake laushi: ka tsaga fayif, ka gasa shi nesa da wuta a hankali kana juyawa, ya yi laushi ka danne tsakanin katako biyu ya huce, ka samu falle. Gam ɗin masu aikin famfo yana kama shi. Yana da nauyi kusan kamar Delrin, don haka tiren batir da mazaunin kayan wuta a ƙasa-ƙasa ya dace da su, ba rufi ba. Ka yi a waje, kuma in ya fara yin ruwan ƙasa ka ƙona shi kenan.

Shasi kuwa a taƙaice: G10 mai milimita 2 zuwa 3, ɗan uwan allon da ake jera kayan rediyo a kai ne. Ƙurarsa zaren gilashi ce, ka sa takunkumi ka riƙa jiƙa wajen yanka. Fallen kabon faiba ya fi shi tauri amma wutar lantarki tana bi ta jikinsa kuma yana tare siginar rimot, kar ka ɓoye eriya a bayansa.

Mataki na bakwai: in da firintar 3D za ka buga

Nan ne aka fi yin kuskure, don PLA shi ne mai araha mai sauƙin bugawa kowa da shi yake farawa. PLA daga digiri 55 zuwa 60 yake fara sakin jiki. A Afrilu garin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafi na haura 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana iya wuce 60. Ni maƙalin sarbo, wato ɗan injin da yake juya sitiyari, na buga da shi, na bar motar a but na shiga ɗaurin aure, kafin in fito ya langaɓe sitiyari ya koma kallon gefe. PLA ka bar shi a kayan ado, jarkar wasa, madubi, da gwajin awo kafin ka buga na gaske.

PETG shi ne na kullum, yana kai wa wajen 80 kafin ya yi laushi, zafin bakin firinta digiri 230 zuwa 250, faranti 70 zuwa 85. ABS da ASA sun fi jure zafi, wajen 100, ASA kuma rana ba ta cinsa da wuri, amma suna son firinta mai rufi in ba haka ba gefe ya ɗage. TPU mai lamba 95A roba ce mai lanƙwasa, ita ce ta maɗaurin bamba da marfin taɓo, duk dukan da ta sha dawowa take. Nailan na firinta shi ne ƙarshe a juriya amma sai ka busar da zaren a digiri 70 zuwa 80 na awanni kafin bugu, in ba haka ba za ka ji yana tas-tas a baki kayan su fito kamar soso. Abin dariya, kafin bugu ruwa abokin gaba ne, bayan bugu kuma shi kake nema.

Abin da ya fi irin robar ma muhimmanci shi ne yadda ka kwantar da kayan. Abin da aka buga hawa-hawa ne, kuma ta tsakanin hawan yake rabewa kamar yadda itace yake tsagewa ta bin jijiya. Don haka duk abin da za a ja ko a lanƙwasa, a kwance za ka buga shi, ba a tsaye ba. Ka ƙara bango zuwa 5 ko 6, ya fi ka cika ciki ɗari bisa ɗari amfani. Kuma dogon bugu ka tanadi inbata, a ɗauke wuta a awa ta biyar ba ƙaramin takaici ba ne.

Mataki na takwas: yanka, huda, ɗauri

Fara yanka siffar da kwali ka gwada a jikin motar, ka matsa shokozoba har ƙasa ka juya sitiyari ƙarshe da ƙarshe ka ga ba inda ya taɓa, sannan ka kwafa a roba. Zarton ƙarfe da magagari da samfefa sun isa yawancin aikin. In za ka kai wa masu injin yanka da hasken lesa, kar a sa PVC a ciki ko kusa, Lexan ma ƙonewa yake bakinsa ya yi rawaya.

Huda a hankali, ka shiga kaɗan ka fito ka zubar da ɓarɓashi, in ka danna da gudu robar za ta narke ta kama bakin. Kusar M3 ita ce ta motar 1/10: ramin da za ta ci zare milimita 2.5, ramin da za ta wuce kawai 3.2. Ka bar aƙalla ninki biyu na faɗin ramin tsakaninsa da baki, kuma duk kusurwar ciki ka zagaye ta da magagari don daga kusurwa mai kaifi tsagewa take farawa.

Sufa gulu ba ya kama Delrin da UHMW da HDPE, kar ka ɓata kuɗinka, kusa da noti ne kawai, notin ma mai ƴar roba a ciki, da wosha mai faɗi. Shuɗin ruwan nan da ake ɗigawa a kusa don kar ta kwance, na ƙarfe da ƙarfe ne, in ya taɓa Lexan ko ABS washegari za ka tarar da wajen ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. A kayan firinta kuma ka sa ƴan zoben tagullar nan masu zare da ake nutsawa da ayan ɗin masu gyaran rediyo, sai ka kwance ka ɗaura sau hamsin bai lalace ba.

Mataki na tara: kai ta dutse

Batir ɗaya ka yi a hankali a wajen da ka saba, ka dawo ka sake kifa ta. Ka bi kowace kusa da ke jikin HDPE ko UHMW ka ƙara matsawa, don za ka tarar sun ɗan saki. Ka duba ko akwai inda ya yi fari a kusa da rami, in akwai to nan zai karye nan gaba, ka ƙara kauri ko ka matsar da ramin. Ka taɓa moto da yatsa, in ba ka iya riƙewa na daƙiƙa uku to duk abin da ke manne da shi kar ya zama PLA, PETG ɗin ma ka sa masa ido.

Kuma tunda awon na hannunka ka yanka biyu-biyu, ɗaya a mota ɗaya a jaka, kwalin ma ka rubuta masa suna ka ajiye. Tawa yanzu ciki Delrin, gefe allon albasa, maɗaurin bamba TPU, bodi Lexan, saura maƙalin shokozoban baya da na buga da PETG a tsaye saboda gaggawa, ya fara nuna farin layi a hawa na uku daga ƙasa, daren nan zan sake buga shi a kwance in wuta ta zauna.